Dusar Inabi a Tukunyar Umma

Shekara biyu ina ɓoye wa mahaifiyata abu ɗaya. Ta san ina karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, ta kuma san aikina a kan inabi ne. Abin da ban taɓa faɗa mata ba shi ne inda inabin yake fitowa. Dusa ce, ɓawo da ƙwallaye, ragowar abin da kamfanin giya ya matse ya zubar, ake aiko mana daga wata ƙasa. Ni kuma ina tatsar wani sinadari mai tsami a cikinta, wanda ake sakawa a magunguna. Kafin na karɓi aikin sai da na tambayi wani malami, ya ce tunda ba sha za a yi ba, babu laifi. Ta fuskar addini hankalina ya kwanta, ta fuskar Umma kuwa bai taɓa kwanciya ba. Mace ce da ko turaren fesawa ba ta yarda da shi, wai an ce da barasa a ciki.

Da na haihu ta zo yi mini zaman jego a gidanmu na unguwar Pantai Dalam. Duk matar da ta shigo barka sai Umma ta sanar da ita, "'Yata ai likitar inabi ce." In sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce, alhali gabana ne yake faɗuwa.

Bayan arba'in na koma ɗakin gwaji. Wata Juma'a aka ce za a ɗauke wutar ginin kwana biyu saboda gyara. Dusata busasshiya ce, amma danshin garin nan ba ya raga wa komai, sai na juye ta a robobi biyu na kawo gida. Na cusa su can ƙasan firji, bayan naman da muka sayo a kasuwar Chow Kit. Ban rubuta komai a jiki ba, don kada Umma ta sa wani ya karanta mata. Ni a dole mai wayo.

Washegari ni da maigidana muka kai jaririya rigakafi. Muna dawowa ƙamshin citta da kanumfari ya tare mu tun daga ƙofa. Ga jug a kan tebur, ja wur.

"Zoɓon da na zo da shi ya ƙare," in ji Umma, "sai na ga na ƙasar nan a firji. Ba shi da kauri, amma akwai tsami. Kofi biyu na sha."

Ashe dusata ta dafa. Maigidana ya ja ni kicin, ya rage murya. "Relax lah, kwantar da hankalinki. An busar, an tafasa, babu alcohol ko ɗigo. Ki yi shiru kawai."

Gaskiya ya faɗa, na ma fi shi sani. Na yi shirun har la'asar, ina shayar da yarinya. Sai na ga Umma tana ɗura sauran a gorori, wai a miƙa wa maƙwabta, don ita ba ta iya cin abu ita kaɗai. A nan wayona ya ƙare. Na durƙusa gabanta na faɗa mata komai, tun daga kamfanin giyar.

Ba ta yi faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tashi ta kuskure baki, ta tuttular da gororin, ta wanke tukunyar har sau uku. Ina biye da ita ina bayanin yadda wuta take korar maye.

"Ban tambaye ki karatu ba," ta ce. "Abin da na sha, Allah ya san ban sani ba. Ke fa? Kina zaune kina jin ina yi wa mutane alfahari."

Kwana uku bayan nan wata sabuwar maƙwabciya ta shigo gaishe ta. Ana cikin hira ta ce, "Umma, me 'yar taki take karantawa ne?"

Umma ba ta ɗago ba, ta ci gaba da jijjiga jikarta.

"Ga ta nan, ki tambaye ta. Ni ban sani ba."