Baba Barau Mahaƙin Rijiya da Dabbar da Muka Ƙi Yarda da Ita

Kullum bayan sallar asuba Baba Barau kan ɗauki daginsa da igiya da kwando ya nufi inda ake haƙa. Shekara goma sha bakwai yana wannan aiki a ƙauyukan da ke tsakanin Dutse da Jahun, inda mutum kan haƙa zurfin gaba biyu a ƙasa ya ci karo da dutse. Bana gwiwoyinsa sun gaza, ya ajiye dagi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni da na fi kowa zarginsa.

Ɗan garinmu ne, amma ya yi shekara shida a Jos wajen haƙar kuza, ƙarƙashin wani Bature mutumin Ostareliya. Da ya dawo yana auna ƙasa da igiya mai ƙulle-ƙulle, sai muka ce Nasara ne suka turo shi ya leƙa musu asirinmu. Muna shan ruwan rijiyarsa, muna kuma sa masa ido.

Abin da ya ƙara mana zargi shi ne zamansa da yara. Duk inda ya fara haƙa sai su taru, shi kuwa da hantsi ya fito ya kai su gindin tsamiya, nesa da ramin, ya zaunar da su. Wata rana na raɓe na saurara.

"A ƙasar maigidana akwai wata dabba, sunanta wambat," in ji shi. "Gajeriya ce mai ƙiba, girmanta kamar ɗan rago. Rami take haƙawa kamar dabgi, ta wuni a ciki tana barci, sai rana ta faɗi ta fito ta ci ciyawa da saiwa. Haƙoranta ba sa daina tsiro, ci ne ke rage su. Uwar tana da jaka a cikinta inda ɗanta ke zama wata da watanni yana shan nono. Bakin jakar baya yake kallo. Wa ya san dalili?"

Wata yarinya ta ce, "Don kada ƙasa ta zubo wa ɗan in tana haƙa."

"Haka ne. In kare ya biyo ta, sai ta shige rami ta toshe ƙofa da ɗuwawunta, don tauri gare shi kamar akushi. Kashinta kuma kusurwa huɗu gare shi, ba ya gangarewa."

A nan na tashi. Na ce a raina, mutumin da zai kalli yara ya ce akwai kashi mai kusurwa, me zai hana ya yi wa manya ƙarya?

Ba ni kaɗai ba ne. Iya Maijidda, wadda jikokinta uku ba sa fashin gindin tsamiya, ta kai ƙara wurin dagacinmu Muntaka.

"Ranka ya daɗe, yau dabba ce, gobe ban san abin da zai zuba musu a kunne ba. A tambaye shi wanda ya aiko shi."

Aka kira Baba Barau. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda ya aiko ni. In ban ba su labari ba, bakin rami za su zo su leƙa. Na taɓa fito da gawar yaro daga rami a Jos, ba na so in sake."

Dagaci bai gamsu ba. Ya hana shi tara yara, ya kuma ba wani mahaƙi, Ashafa, aikin sabuwar rijiyar unguwa.

Kwana tara da fara aikin, da azahar, gefen rijiyar ya rufta, Ashafa yana ciki. Muna jin nishinsa. Duk wanda ya taɓa ƙasar daga sama sai wata ta ƙara zubowa. Ba wanda ya aika a kira Baba Barau, da kansa ya zo. Ya duba, ya koma baya taku bakwai, ya fara haƙa a karkace.

Wani ya ce, "Ku duba inda yake haƙa. So yake mutumin ya mutu, aiki ya dawo hannunsa."

Baba Barau, kai ne ka ji wannan magana ba ka ɗago kai ba. Kai ne ka shiga ramin da bai fi faɗin kafaɗarka ba, kana tura ƙasa baya, muna kwashewa da ƙwarya ba tare da mun yarda da kai ba. Kafin la'asar sakaliya ka fito ja da baya, riƙe da wuyan rigar Ashafa. Ƙafarsa ta karye, amma yau shi ke haƙa mana rijiya, da igiyarka mai ƙulle-ƙulle.

Dagaci ya janye haninsa. Iya Maijidda ta aika wa Baba Barau da fura, ko da yake har gobe tana cewa dabbar nan ƙirƙira ce.

Ni ma makon jiya na je gaishe shi, na tambaye shi kai tsaye, "Baba, tsakaninka da Allah, ka taɓa ganin wambat?"

Ya ce, "Malam, hotonta kawai na gani, sauran maigidana ne ya faɗa mini. Tun ranar farko na gaya wa yaran haka. Ku manya ne ba wanda ya taɓa tambayata."

Na yi masa sallama na koma gida.

Baba Barau, gwanin dagi, mun gode. Rijiya goma sha ɗaya ka bar mana, kuma ba yaro ɗaya da ya faɗa ramin da kake haƙa. Allah ya saka maka da alheri, ya ba gwiwoyinka sauƙi. Masu sana'a ku yi koyi da shi, ku kula da ƙananan da ke kewaye da aikinku. Mu kuwa da muka shekara goma sha bakwai muna raɗa a bayansa, gidansa yana nan gabas da masallaci, kuma har yanzu yana amsa sallama.