Shayin da Na Ba Wa Dorothy

Ban taɓa mantawa da Talatar da na ba wa Dorothy shayi ba, kuma ban jin zan manta har ƙasa ta rufe idona. A lokacin shekarata goma sha ɗaya ina aikin carer, wato mu masu bi gida-gida muna kula da tsofaffi, wanka da abinci da magani. Ni ban yi boko ba. Da furfurata na shiga ajin manya a nan Landan, na koyi ɗan abin da zan cika takarda da shi. Amma a ofishinmu kowa ya sani, in tsohuwa ta gagari yara, Hajiya Rabi ake kira. Ku da kuka shigo aikin nan bana, ku saurara da kyau, don ranar nan gwanintar tawa ce ta kayar da ni.

Ga wanda bai san tsarin ba: kowane tsoho yana da takardarsa da ake kira care plan, a ciki aka rubuta abin da za a yi masa da lokacin yi. Council, wato ƙaramar hukuma, ita ce take aiko mana da mutum, coordinator ta raba mu gidaje, manaja yana sama da ita. Duk abin da tsoho ya ci ko ya sha sai an rubuta. In abu ya ƙi, social worker, jami'ar jin daɗin jama'a ta council, za ta zo a yi zama, review ake cewa, a nan ake yanke ko mutum zai ci gaba da zama gidansa ko a ɗauke shi zuwa gidan tsofaffi, wato care home.

Ranar Litinin, cikin zafin watan Yuli, coordinator ɗinmu Bilkisu ta kira ni. 'Yar Kaduna ce, sa'ar 'yata ta biyu.

"Hajiya, ina da matsala da wata tsohuwa a unguwar Abbey Wood. Carers uku sun ce ba za su koma ba."

"Me ta yi musu?"

"Ɗaya ta sha yakushi, ɗaya an watsa mata kofi a jiki. Ba ta shan komai, ba ta yarda da wanka. Juma'a za a yi review. In ba a ga canji ba, care home za a kai ta."

"Ita tana so?"

"Haba Hajiya! Matar da ta riƙe ƙofarta da hannu biyu ranar da za a kai ta asibiti?"

Na ce ta ba ni ita.

Dorothy Baturiya ce, shekara tamanin da shida, mijinta Walter ya daɗe da rasuwa, ɗanta ɗaya yana Kanada. Ciwon mantuwa ya kama ta, sannan ta faɗi, ta yi sati uku a asibiti, aka dawo da ita flat ɗinta a hawa na biyu. Na tarar da ita a kujera, leɓe a bushe, sanye da rigar barci irin mai buɗewa ta baya. Hannunta biyu suna dafe da ƙirji kamar wadda aka tsayar tsirara a kasuwa. A bango akwai hotonta da Walter cikin fararen kaya gaban wani farin gini mai tsini, da wata doguwar takarda cike da sunaye, an zana su kamar rassan bishiya. Na duba care plan, wurin addini kalma ɗaya aka sa, Kirista. Na buɗe kabad ɗin kicin na ga kwalin shayi ɗaya tak, sabo, irin wanda carers suke sayowa. Gidan tsohuwar Baturiya, babu tsohon gwangwanin shayi! Na gani da idona, ban yi tunanin komai ba.

Ranar nan ko kurɓa ɗaya ba ta yi ba. Duk abin da na zuba a kofin roba mai murfi da asibiti suka ba ta, ko ruwa ne, sai ta shinshina ta ture.

To, Talata da safe na zo da dabarata. Na haɗa shayi irin namu, madara ta fi ruwa yawa, sukari cokali uku. Na zauna kusa da ita, na riƙe hannunta, na ce mata madara ce mai ɗumi. Ƙarya na yi mata, irin wadda ake yi wa yaro a ba shi magani. Ta dube ni, ta yarda da fuskata, ta sha. Ta sha, ta sha, har rabin kofi. Ni kuwa raina fari, har ina shirya abin da zan gaya wa Bilkisu.

Sai ta tsaya. Ta juya harshe a baki. Ta cire murfin da kanta, ta leƙa ciki. Ba ta yi ihu ba, ba ta watsa mini ba. Hawaye ne kawai suka zubo, ta ɗaga kai wajen hoton nan tana cewa, "Walter, na yi alkawari. Na yi alkawari." Haka ta yi ta maimaitawa har lokacina ya cika. Na rubuta cewa ta sha rabin kofi, na fito.

Laraba, ina shigowa na ga abin da carer ta yamma ta bari: baƙar leda a bakin ƙofa da takarda a kai, shara ce, a sauke. Na sauke ta zuwa babbar bola ta ƙasa, na koma sama. Ban jima ba aka ƙwanƙwasa. Wata mata ce baƙa, mai jiki, da kwano a hannu. Ta ga mayafina ta ce, "Sannu, Mma," da Hausar Gana. Sunanta Grace, a gefen zango ta tashi a Kumasi. Ta ce cocinsu ɗaya da Dorothy, ita aka ɗora wa duba ta, sau huɗu tana zuwa babu mai buɗewa.

Idonta ya faɗa kan kwalin shayin nan. Ta ajiye kwano.

"Mma, wa ya kawo wannan?"

"Yaranmu. Me ya faru?"

"Sista Dorothy ba ya shan shayi. Shekara sittin bai taɓa ba. Mu duka ba mu sha."

Na ce, "Ku su wa?"

Ta ce su ne ake kira 'yan Mormon, kodayake su sun fi son a kira su da dogon sunan cocinsu. Ku kun san yaransu, samarin nan masu farar riga da ɗan allon suna a ƙirji, suna tafiya biyu-biyu a tasha. Grace ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Sun yi imani da Annabi Isa a matsayin Ɗan Allah mai ceto, kamar sauran Kiristoci, amma suna da wani littafi ƙari a kan na Kiristoci, kuma sun ce an aiko wani annabi a Amurka, har yau shugabansu annabi suke ɗaukarsa. Ba sa shan giya, ba sa shan taba, ba sa shan shayi da gahawa. Doka ce a wurinsu, ba ra'ayi ba. Farin ginin nan na hoto haikalinsu ne da ke kudu da Landan, daban yake da cocin Lahadi, a can ake ɗaura aure wanda suka ce ko mutuwa ba ta kwance shi. Sunayen bango kuwa kakanninta ne, don suna bin sawun matattunsu har su yi baftisma, wankan shiga addini, a madadinsu.

Ni Musulma ce, na san inda na tsaya, ban yarda da annabi bayan Manzon Allah ba, kuma na gaya wa Grace haka. Ta ce ta sani, a zango ta girma. Amma ba wannan ne ya tsaya mini a wuya ba. Na ce, "Grace, jiya na ba ta shayi. Na ce mata madara ce."

Ta ce, "Babu laifi a kansa, bai sani ba."

Na ce, "Ita babu. Ni fa?"

Abin da ya zo mini shi ne kaina. Na ga kaina na tsufa a garin nan, hankali ya tafi, wata yarinya mai kyakkyawar niyya ta riƙe hannuna ta ce naman kaza ne, alhali na alade ne.

Na daure na tambaye ta zancen wanka. Ta dubi Dorothy, ta dubi hannuwan nan da ke dafe da ƙirji, sai ta miƙe ta fara jan durowa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce duk wanda ya shiga haikali ya ɗauki alkawari, akwai fararen kayan ciki da yake sawa, riga da wando, dare da rana, ƙarƙashin tufafinsa. Dorothy ta fi shekara hamsin da su a jiki. A asibiti aka cire mata, ba a mayar ba. Durowa babu, kabad babu.

Sai na tuna baƙar leda.

'Ya'yana, na sauka matakalar nan yadda ban taɓa sauka ba. Bolar ta kai ƙirjina. Na ɗauko sandar goge ƙasa, na yi ta jan leda ina buɗewa, wani Bature mai kare ya tsaya yana kallon Hajiya da mayafi cikin shara. A leda ta biyar na same su, guda shida, sun tsufa sun yi laushi, shi ya sa yarinyar ta ɗauka tsumma ne. Na rungumo su na hau. Grace ta karɓa da hannu biyu. Na ga wasu 'yan alamu da aka ɗinka a jiki, na tambaya. Ta ce, "Wannan ba mu maganarsa, Mma." Na ce ya isa. Ta ce kada dai a ajiye su a ƙasa. Na wanke su, na shanya.

Da na kira Bilkisu na gaya mata, sai ta ce, "Mormon? Ba su ne masu tara mata ba?"

Grace tana ji, ta matso bakin waya ta ce, "Mun bari tun ba a haifi kakana ba. Ku ne kuke da huɗu!"

Alhamis na yi wa Dorothy wanka. Kafin in taɓa ta, na shimfiɗa tawul a kujera, na ɗora kayan nan inda idonta zai gan su. Na zo da zanena na lulluɓe ta, ina wanke gefe ina rufewa, kamar yadda na yi wa mahaifiyata. Ba yakushi, ba faɗa. Da na sa mata rigar, ta shafa ta da tafin hannu, sannan hannuwan nan suka sauka kan cinya. Kofin roba kuwa na gane laifinsa: ba a ganin cikinsa, kuma warin shayi ya kama shi. Na ɗauko tambulan na gilashi, na tara ruwan famfo a gabanta tana kallo. Ta shanye, ta miƙo a ƙara.

Juma'a ƙarfe goma aka zauna a falonta: social worker, manajanmu, Bilkisu, ni, ɗanta kuma a waya. Social worker ta buɗe fayil ta karanta abin da aka rubuta sati biyu, ta ƙi sha, ta ƙi wanka, tana dukan ma'aikata. Ta ce an riga an samo mata gado a care home. Na ɗaga hannu. Turancina ba mai kyau ba ne, amma na faɗi komai, har da ƙaryar madara. Na ga Bilkisu tana ƙifta mini ido in yi shiru, don yaudarar mai ciwon mantuwa laifi ne a aikinmu. Ban yi shiru ba. In na ɓoye nawa, laifin zai zauna a kan tsohuwa.

Social worker ta ce kwana ɗaya bai isa hujja ba. Na ce ta ba ni minti biyu. Na kawo kofin roba da tambulan, duka ruwa ne a ciki, na ajiye gaban Dorothy. Ta ture kofin da bayan hannu har ya kusa faɗuwa. Ta ɗauki tambulan, ta ɗaga shi wajen taga ta duba, ta sha har ƙasa. Sai muka ji ɗanta yana kuka a waya. Ya ce shi ya bar cocin tun yana saurayi, da aka tambaye shi addininta ya ce Kirista kawai, bai zaci akwai abin ƙarawa ba.

Aka ba mu sati biyu na gwaji, aka sake rubuta care plan. Ni kuma manaja ya ba ni takardar gargaɗi, ita ce ta farko kuma ta ƙarshe a aikina. Na sa hannu ban yi gardama ba.

Ba a ɗauke Dorothy ba. Ta zauna a flat ɗinta shekara ɗaya da 'yan watanni. Ranar Lahadi maza biyu daga cocinsu sukan zo mata da ɗan burodi da ruwa na ibadarsu, don su ba sa amfani da ruwan inabi, ni kuwa in shiga kicin in ja ƙofa har su gama. Lahadin farkon wata 'yan cocin sukan yi azumi, Grace ta ce an ɗauke wa marar lafiya, sai in ba ta abincinta hankali kwance. A gadonta ta rasu, ƙarƙashin hoton nan, matan cocinsu suka sa mata fararen kaya. Har ta mutu ba ta riƙe sunana ba. Sista take ce mini.

Abin da na koya ke nan. Ciwon mantuwa yakan cinye sunan ɗa, ya cinye hanyar gida, amma sau da yawa yakan bar alkawarin da mutum ya ɗauka tsakaninsa da Ubangijinsa. In tsoho yana faɗa da ku, akwai abin da yake tsarewa, ku nemo shi kafin ku rubuta masa baƙar kalma a fayil. Kalma ɗaya a wurin addini ba ta isa ba. Ku dubi bango, ku buɗe kabad, ku tambayi masu ƙwanƙwasa ƙofa, sannan ku ɗora buta.

Ni kuwa tun a satin review ɗin nan na zaunar da babbar 'yata, na sa ta rubuta mini tawa takardar da Turanci: abin da ba na ci, yadda za a rufe mini kai, inda alƙibla take a ɗakina. Tana cikin jakata yanzu haka, ɗaure da takardar gargaɗin.