Mijin Kaka Ba Ya Ba Da Haƙuri

Ƙanshin ɗanyar citta ne ya tsayar da ni ran nan a shagon wani Baturke da muke sayen kayan miya a nan Jamus. Wani yanki ne ya karye a cikin kwando, ƙanshin ya daki hancina, sai ga ni a Madakiya, a tsakar gidan kakata, ina ɗan firamare.

Idan ka taɓa zuwa wajenmu gab da Kirsimeti, ka san abin da nake faɗi. An haƙe citta an jibge ta a gindin mangwaro, mata sun miƙe ƙafa da ƙananan wuƙaƙe suna tsaga ta biyu, yara suna kwasa suna shanyawa a kan fa. Hannu ya yi ta raɗaɗi, in kuwa ka manta ka sosa ido ka shiga uku. Kakata ta wajen uba ce uwar wannan zama. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, amma bakinta ya fi wuƙar hannunta kaifi.

Mu a Kafanchan muka tashi, a kwatas ɗin reluwe inda babanmu yake aiki. Shi ya sha dariya a makaranta don ya je ba Hausa ba Turanci, sai yarenmu kawai. Abin ya tsaya masa a rai, shi ya sa ya kafa doka a gidansa: Hausa don kasuwa da sujada, Turanci don makaranta, yare kuma a bar wa ƙauye. Ba da mugunta ya yi ba. So yake mu shige ko'ina ba a nuna mu da baki ba.

To, a wajenmu kaka da jika abokan wasa ne. Jika namiji mijinta ne, ta zage shi ya rama, ta ce masa rago, ya ce mata ta tsufa zai nemi wata. Ba rashin kunya ba ne, hanyar da ake nuna ƙauna ke nan. 'Ya'yan baffana da suka tashi a ƙauye sun ƙware. Da yare suke yi, ta jefa su jefa, matan da ke tsaga citta su yi ta dariya har da hawaye. Ni kuwa ina gefe ina murmushin wanda bai san inda aka dosa ba.

Ta gwada da ni, ba ta ƙi ba. Da 'yar Hausarta ta kasuwa takan ce, “Miji na ya zo daga birni, hannu biyu. Ko sabulu babu. Wannan miji banza ne.”

Sai in durƙusa in ce, “Yi haƙuri, Kaka.”

Takan dube ni ta ɗan jima, sannan ta koma kan cittarta. Da an sauke tuwon acca, ni ake zaɓar wa tsoka mafi girma, a ba ni kujera, a ba ni kwano mai murfi. A lokacin ina jin ni ɗan gata ne. Sai da na girma na gane irin karɓar da ake yi wa baƙo ce. Har Bahaushen da yake zuwa sayen citta, haifaffen Kafanchan, yakan tsokane ta da yarenmu ta bi shi da muciya. Ni jininta, har ta koma ga Ubangiji ban taɓa sa ta dariya ba. Wannan abu yana yi mini ciwo har gobe.

Aiki ya kawo ni Jamus da matata, a nan muka haifi ɗanmu. Da ya shiga gidan renon yara na ga yana raɓe-raɓe a bayan sauran, sai irin tsoron da babana ya ji ya taso mini sabo fil. Muka koma yi masa Jamusanci a gida, mu da namu Jamusancin yake ɗingishi. Malamarsa ma ta ce mu bar mata wannan aiki, mu riƙe namu harshen, amma ban ji ba. Yaro ya kama Jamusanci har yana gyara mana. Hausa kuwa yana ji sama-sama, ba ya mayarwa.

Wata Lahadi bayan sujada muka kira mamata a Kafanchan ta bidiyo. Tana ganinsa ta washe baki.

“Ga mijina. Kai, ka gudu ka bar ni da yunwa. Miji rago, ko zani ɗaya.”

Na fassara masa. Idon yaro ya kawo ruwa. Ya tambaye ni da Jamusanci me ya yi wa kakarsa take zaginsa, ya ce in gaya mata ta yi haƙuri, ya shige ɗaki. Mamata ta dube ni ta cikin wayar. Na san wannan kallon, na sha shi a gindin mangwaro.

Daga ranar muka juya. Da an rufo ƙofar gida, Hausa. Jamusanci yana jiransa a waje, ba inda za shi. Ba sauƙi, don yakan turo baki ya ce abokansa ba sa shan wannan wahala. Na zaunar da shi na ce kakarsa ba faɗa take ba, gayyatarsa wasa take, kuma duk wanda ya ba da haƙuri ya faɗi. Abin ya ɗaure masa kai, a ce ka tsokani tsohuwa kuma a yaba maka. Amma yaro da son cin wasa, sai ga shi yana bin uwarsa kicin yana tambayar yadda ake cewa kaza da kaza.

An yi watanni. Rannan mamata ta sake jefo nata, wai mijinta ya ƙi aiko mata da takalmi. Ya karɓe wayar daga hannuna, ya gyara tsayuwa.

“Kaka, ni na fasa. Kin tsufa. Zan auri mai haƙori.”

Wayar ta suɓuce wa mamata, muka koma kallon rufin kwano muna jin dariyarta, har maƙwabciya ta leƙo ko lafiya. Da ta ɗauko tana share ido da bakin zani, sai ta zuba masa wata doguwar magana, ba da Hausa ba, da yarenmu, irin wadda ke fitowa in daɗi ya kai wa tsohuwa ƙarshe.

Ya juyo gare ni. “Baba, me ta ce?”

Yanzu a kan titin Kafanchan ma Turancin buroka ya fi yawa a bakin yara, yare sai janyewa yake yi. Ni da nake ganin na ceto wani abu, ga ni da furfura a gemu, uwata ta yi magana ɗana yana jira, ba ni da abin ba shi.

Na ce, “Ban sani ba. Tambaye ta, in ta gaya maka ka gaya mini.”