Da Awon Yayata Aka Yanka

Duk sanda na bi ta layin teloli a kasuwar Kafanchan na ji ƙarar keken ɗinki, sai na tuna shekarar da aka fid da rai da ni alhali ina numfashi. Ku da kuka taso a wajenmu kun sani, ba a ɗinka wa yaro kayan Kirsimeti daidai jikinsa. Da girma ake yi, a naɗe hannu, don ya girma a ciki.

Ina 'yar firamare zuciyata ta ƙi tafiya a hankali. Ko a zaune nake, bugawa take kamar na yi tsere, har ana gani ta saman riga. Da damina abin ya fara. Kafin a tone citta ƙafafuna sun kumbura, daga ɗaki zuwa rijiya sai na tsaya ina haki. Likita ya gaya wa Mama cewa yawan gudun ne ya gajiyar da naman zuciyar, har ta kasa tura jini yadda ya kamata. Ya ce a kai ni babban asibiti a Jos. A gida kuwa wasu na cewa mayu ne, wasu har sun fara yi wa Mama gaisuwar nan ta ƙasa-ƙasa.

Ranar awo, gwaggo, yayar Baba, ita ta raka mu wurin tela. Da ya zo kaina sai ta sunkuya ta ce masa, “Yi mata daidai jiki. Wannan ba mai girma a ciki ba ce.”

Na ji ta sarai, kunnena ai lafiyarsa ƙalau. Mama ma ta ji. Mace ce marar hayaniya, amma ranar ta fizge igiyar awon, ta jawo yayata gaban tela.

“Da awon wannan za ka yanka,” in ji ta. “'Yata za ta cika ta.”

Kai, na sha dariyar mutane a coci! Riga kamar buhu, ina jan ta a ƙasa. Mama ta riƙe hannuna, ta zaunar da ni a bencin gaba, ba ta sunkuyar da kai ba.

Bayan sabuwar shekara muka je Jos. Aka manna mini wayoyi a ƙirji, aka ba ni maganin da ya rage gudun. Da haushin gwaggo nake haɗiye shi, ban taɓa tsallakewa ba. Sannu a hankali zuciyar ta huta, ƙarfinta ya dawo. Kowace Kirsimeti rigar nan nake sakawa, na ƙi sabuwa, har ranar da na ɗaga hannu muna waƙa ta yage a hammata. Mama ta hana a ɗinke, ta ce in je in gaida gwaggo haka. Gwaggo ta dubi yagewar, ta rufe fuska da zani, ta yi ta kuka.

Yanzu yara kayan kanti suke sakawa, asibiti ma ya matso kusa, amma bakin mutane bai canza ba. Bana gwaggo ta kwanta ciwo tun farkon damina, 'ya'yanta har sun fara shawarar inda za a binne ta. Na ce kada wanda ya sake yin zancen nan a gabana. Na sayi atamfa, na auna ta a kwance tana hararata, na ce wa tela ta Kirsimeti ce.