Ƙahon Saniyar Baffa

A shekarar da ake ta shirin karɓar mulkin kai, ina aikin masinja a ofishin En'e, ina zaune a unguwar Ɗan Iya. Ni ba ɗan maƙera ba ne. Sha'awa ce ta sa nake ƙera wuƙa ran Lahadi a zaurenmu, da ƙarfen tsohon sifirin mota. Ruwan wuƙa bai cika ba ni wuya ba. A ƙota nake ɓata lokaci, kuma ba na tsallake mataki: a dafa ƙaho, a yanke shi, a kankare da fasasshiyar kwalba, a goge da toka, a shafa man kaɗe.

Maƙwabcinmu wani dattijon Bafulatani ne da muke kira Baffa. Ciwo ya cinye garkensa a wajen Gubi, ya dawo gari wurin ɗansa. Wata Lahadi ya shigo da ƙaho guda a naɗe cikin tsumma. Ya ce na saniyarsa ta ƙarshe ne, yana so in yi masa ƙota da shi. Ya nuna mini wani gurbi kusa da gindin, inda igiya ta ci shekara da shekaru. Ya ce ko ido a rufe, da wannan gurbin yake gane ta. Komai zan yi, in bar masa shi.

Na dafa, na yanke. Da na zo kankara sai na ga ƙahon ya daɗe a ajiye, bayansa ya mutu, yana tashi ɓawo-ɓawo kamar albasa. Na kewaye gurbin, na jiƙa shi da mai, na ɗaure da zare har mako ya zagayo. Da na kwance, gefensa ya biyo zaren.

Na kira Baffa na faɗa masa yadda abin yake. In an bar gurbin, ƙotar za ta dare kafin damina. In an kankare zuwa inda ƙahon yake da rai, gurbin ya tafi. Ban san hanya ta uku ba.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, kai ma kamar mai allurar shanun da ya zo mana lokacin ciwon. Ka iya bayani."

Ya zauna a kan buzuna, ya ce in ci gaba. Na kankare a gabansa, na goge, na shafa mai. Ƙotar ta fito sumul, fara da baƙin kai. Ban taɓa yin wadda ta kai ta kyau ba.

Ya karɓa yana juya ta, babban yatsansa yana bin gindin, ya kai ƙarshe ya sake dawowa. Ya yi godiya yadda ya kamata. Na ɗauko tsintsiya zan share wurin, sai ya riƙe mini hannu. Ya shimfiɗa tsummansa a ƙasa, ya fara tattara ɓawon da na kankare.