Mai Auna Jinkiri

A layin ganin likita kowa yana tsaki, ban da matar da ke gefena. Siririya ce, tabarau ya zamo mata kan hanci, kwamfuta a cinya, mahaifiyarta tana gyangyaɗi a kafaɗarta. Da hannu ɗaya take aiki don kada ta tashe ta.

A fuskar kwamfutar wani koren layi yana faɗowa tsaye, amma wajen hawa sai ya riƙa jan ƙafa. Tana hararar sa kamar wanda aka aika ya tsaya hira.

Na kasa haƙuri, na tambaya.

"Taransista ne, Baba, 'yan makunnan wutar da ke cikin waya," in ji ta. "Bibbiyu suke aiki, ɗaya ya ɗaga wuta, ɗaya ya sauke. Mai ɗagawar nan sanyin jiki gare shi, sai na faɗaɗa masa hanya."

"Makararsa ta kai minti?"

Ta murmusa. "Ƙiftawar ido ma shekaru ce a wurinsa. Amma in suka taru suka makara, lissafi ya rushe."

Ina jin injiniya ce, kuma ana can ana jiran aikin nan. Ta sauya wata lamba, layin ya miƙe.

Sai tari ya sarƙe tsohuwar. Wallahi ban ga rufewar kwamfutar ba. Ruwa kawai na gani a bakin uwar, da hannu yana shafa bayanta. Wannan saurin kam, ba na jin akwai na'urar da za ta auna shi.