Riɗin da Ya Karkatar da Faifai

Ni ne mai laifi, gara in faɗa tun farko.

Shekarun baya, lokacin da nake fita farauta da ƙungiyar garinmu a Gagarawa, mun samu wani tsohon injin hannu na sake cika kwanson harsashi. Faifai ne da shi mai juyawa. Duk jan hannu ɗaya, kwanso ya matsa gaba. Abokina, maƙeri a Maigatari, shi ya gyara shi, ya ɗaure min a kan benci a ɗakin ajiyata.

Injin yana aiki lafiya lau har kaka ta wuce. Sai kwanso ya fara tsayawa a karkace, ina jan hannu bakinsa ya lanƙwashe. Maimakon in duba, sai in ƙara ƙarfi. Da na gaji, ranar kasuwa na je rumfar abokin nawa, a gaban jama'a na ce aikinsa ha'inci ne. Wani makiyayi da ya kawo gyaran amalanke ya ji, ya juya da kayansa.

Washegari da hantsi sai ga abokina a kan babur.

"Ina majinyacin?" in ji shi.

Ya kwance faifan, ya ɗaga, ya kankaro wani abu da farce ya nuna min. Riɗi ne. A kan bencin nan na yi awon riɗina bayan girbi. Ƙwayoyi suka shige ƙarƙashin faifan, suka niƙe, suka daskare da mai, suka ɗage gefe guda.

"Sarkin baka, kana hango zomo daga tsallaken gona, riɗi a gaban hancinka ya gagare ka? Gode wa Allah kwanson lanƙwashewa kawai ya yi, bai fashe ba. Da wannan dannawar taka, da yanzu yatsunka muke nema."

Ya goge, ya mayar, kwanso ya tsaya cak. Ko ruwa bai tsaya sha ba.

Har yau in na tuna, godiya ce ke cika min zuciya. Na zubar masa da mutunci, shi kuwa hannuna ya zo ceta.

Sai da na yi mako uku ina jan ƙafa. Ranar kasuwa na koma rumfar, na jira mutane suka taru.

"Jama'a, a nan na yi masa ƙazafi, a nan zan janye. Aikinsa ba shi da aibi, sakacina ne. Abokina, don Allah ka yafe min."